MAI GONA DA MASU RIƘON GONA: Darasi Daga Wani Misali Na Linjila

 

Dalilin wannan rubutu wata tambaya ce da wani ɗalibinmu ya kawo mana bayan an tashi daga darasin Larabci. Ya ce ranar Asabar ya bi ta tashar mota sai ya iske jama'a sun yi da'ira, wani mai wa'azin Kirista da wani ɗan uwanmu Musulmi suna jayayya a kan wani misali da ke cikin Linjila, wato misalin gonar inabi da waɗanda aka ba riƙonta. Kiristan ya ce ma'anarsa ita ce Allah Ya karɓe gona daga hannun Yahudawa Ya ba Kirista. Musulmin ya ce a'a, mu al'ummar Annabi (SAW) aka ba. Wannan ɓangare ya yi tafi, wancan ya yi kabbara, kowa ya watse yana ganin shi ya yi nasara. Sai ɗalibin ya ce, "Malam, wanne ya fi gaskiya a cikinsu?" Muka nemi ya ba mu mako guda. Abin da muka samu a cikin wannan mako shi ne muke so mu gabatar muku, domin mun ga amsar ta shafi kowane ɗan zango.

Shin Ya Halatta Mu Duba?

Wani zai ce, ina ruwan Musulmi da misalin da ke cikin littafin Kirista? Amsa ita ce, muna zaune a ƙasar da ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 71 cikin ɗari na mutanenta Kirista ne, mu kuwa kusan kashi 20. Muna jin wa'azinsu a trotro da rediyo, ƙannenmu da yawa suna karatu a makarantunsu, saboda haka wanda ya ce ba zai saurara ba, kunnensa ya riga ya saurara. Abin da ya rage shi ne a saurara da ilimi.

Malamanmu sun ajiye ma'auni tun da daɗewa. Ibn Kasir, a gabatarwar tafsirinsa, ya kasa labaran Ahlul Kitabi kashi 3: wanda Alƙur'ani da Sunna suka gaskata, wanda suka ƙaryata, da wanda suka yi shiru a kansa, shi kuwa ba a gaskata shi ba a ƙaryata shi. Al-Biƙa'i, wanda ya rasu a 1480, ya kawo nassoshi masu yawa daga Attaura da Linjila a cikin tafsirinsa Nazmud Durar, kuma da aka soke shi a kan haka sai ya rubuta littafi guda yana kare aikinsa. Da wannan ma'auni za mu duba misalin.

Yadda Misalin Yake

Misalin ya zo a wuri 3: Matiyu sura 21, Markus sura 12, da Luka sura 20. Ga taƙaitaccen labarin da bakinmu. Wani mutum ya dasa gonar inabi, ya kewaye ta da shinge, ya haƙa wurin matse inabin, ya gina hasumiyar gadi, sa'an nan ya ba waɗansu manoma riƙonta ya yi tafiya ƙasa mai nisa. Da lokacin amfani ya yi, ya aiko bawansa ya karɓo masa rabonsa. Manoman suka doke shi suka kore shi hannu wofi. Ya aiko wani, suka fasa masa kai. Ya aiko wani, suka kashe shi. Daga ƙarshe ya aiko ɗansa, yana zaton za su ji kunyarsa. Su kuwa da suka hango shi sai suka shawarta a tsakaninsu cewa tunda magajin ne, idan suka kashe shi gadon zai zama nasu. Suka kashe shi. Sai aka tambaya: me mai gonar zai yi? Amsa ita ce zai zo ya halaka manoman nan, ya ba waɗansu gonar.

Ruwayoyin sun saɓa a waɗansu wurare. A Luka bayi 3 aka aiko kuma ba a kashe ko ɗaya ba. A Matiyu rukuni-rukuni aka aiko su, kuma masu sauraro ne da kansu suka yanke wa manoman hukunci. Har ila yau a Matiyu kaɗai, aya ta 43, aka ce za a karɓe mulkin Allah daga hannunsu a ba wata al'umma mai ba da amfaninsa, kuma a kan wannan aya ce mutanenmu biyu suke jayayya a tasha.

Mu 'yan zango wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanni da yawa daga arewa sun yi aikin abusa a gonakin koko na ƙasar Asante, inda mai kula da gona yake ɗaukar kashi 1 cikin 3 na amfanin, mai gona ya ɗauki kashi 2. Mai gona yana Kumasi ko Ankara, mai kula yana cikin daji shekara da shekaru, shi ya san kowace itaciya. Duk wanda ya san abusa ya san inda rigima take tasowa: ranar rabo.

Ina Aka Faɗe Shi, Kuma Da Wa Ake?

Muna koya wa ɗalibanmu a darasin balaga cewa ba a fahimtar magana sai an san halin da aka faɗe ta a ciki. Bisa ga Linjila, Annabi Isa (AS) ya faɗi wannan misali a cikin Haikali a Baitul Muƙaddas, jim kaɗan bayan ya kori masu canjin kuɗi da masu sayar da tantabaru daga harabarsa. Manyan firistoci da dattawa suka zo suna tambayarsa wa ya ba shi izinin yin haka. Misalin yana cikin amsar da ya ba su.

Masu sauraronsa sun gane hoton nan take, domin Annabi Ishaya, kimanin shekara 700 kafin nan, ya kamanta Banu Isra'ila da gonar inabi wadda mai ita ya wahala a kanta, ya saurari adalci sai ya iske zubar da jini. Wannan yana cikin sura 5 ta littafin Ishaya. Ke nan gonar ita ce jama'a, manoman kuwa su ne shugabannin da aka ba riƙon jama'a. Bayin su ne annabawa, kuma littattafan Yahudawa da kansu sun ajiye labarin abin da aka yi musu. Wani firist mai suna Fashur ya sa an doki Irmiya an sa shi a turu. Firist Amaziya ya kori Amos daga Betel, hujjarsa ita ce wurin ibadar na sarki ne. An jejjefi Zakariya ɗan Yehoyada har ya mutu a harabar Haikali. A zamanin Annabi Isa kuwa, sarki Hirudus Antibas ya sa an fille kan Annabi Yahaya (AS). Alƙur'ani ya gaskata wannan ɓangare, domin a Suratul Baƙara aya ta 87 da Suratul Ma'ida aya ta 70 an faɗi yadda aka ƙaryata waɗansu manzanni aka kashe waɗansu saboda sun zo da abin da rayuka ba sa so.

Su wane ne waɗannan manyan firistoci? A lokacin ƙasar tana ƙarƙashin Rumawa, kuma gwamnan Rum ne yake naɗa babban firist yana tuɓe shi. Hanana ya riƙe muƙamin daga shekara ta 6 zuwa ta 15 Miladiyya, surukinsa Kayafa ya riƙe daga ta 18 zuwa ta 36, kuma masanin tarihi Bayahude Yusifus ya ce 'ya'yan Hanana 5 duk sun hau kujerar. Har rigar da babban firist yake sawa ranar idi, a sansanin sojan Rum ake ajiye ta, sai an ba shi ya sa. Yusifus ya ba da labarin cewa daga baya barorin manyan firistoci sun riƙa zuwa masussuka suna ƙwace zakkar hatsi da ƙarfi, har ƙananan firistoci matalauta suna mutuwa da yunwa. A cikin Talmud ma, littafin malaman Yahudawa, akwai kuka a kan waɗannan gidaje, cewa sun rarraba muƙaman Haikali tsakanin 'ya'yansu da surukansu, barorinsu kuma suna dukan mutane da sanduna. A shekara ta 70 sojojin Rum ƙarƙashin Titus suka rushe Haikalin, sarautar waɗannan gidaje ta ƙare.

Saboda haka mai wa'azin da ya ce misalin hukunci ne a kan Yahudawa baki ɗaya, littafinsa bai goyi bayansa ba. Matiyu ya faɗa a ƙarshen surar cewa manyan firistoci da Farisiyawa sun gane da su ake, sun so su kama shi amma suka ji tsoron talakawa, domin talakawa sun ɗauke shi annabi. Talakawan nan Yahudawa ne, almajiransa ma Yahudawa ne. Kuma a cikin misalin ba a ƙone gonar ba, masu riƙo aka sauya. Kuskuren fahimtar wannan wuri ya taimaka wajen jawo wa Yahudawan Turai zalunci na shekaru ɗaruruwa, har sai da Cocin Katolika ya fito a 1965 ya ce bai halatta a ɗora wa dukkan Yahudawa, na da ko na yanzu, alhakin abin da ya faru ba. Mu ma Alƙur'ani ya koya mana cewa rai ba ya ɗaukar nauyin wani rai, kuma a Suratu Ali Imrana aya ta 113 an ce Ahlul Kitabi ba duka suka zama ɗaya ba.

Inda Muka Rabu Da Maƙwabtanmu

Wajibi ne mu faɗi wannan a sarari. Kirista suna fassara ɗan mai gona da cewa Isa ne, Ɗan Allah, wanda aka kashe. Mu ba mu yarda da haka ba. Suratul Ikhlas ta kore wa Allah haihuwa, Suratun Nisa'i aya ta 157 kuma ta kore cewa an kashe Annabi Isa (AS) ko an gicciye shi. Wannan yana cikin kashi na biyu na ma'aunin Ibn Kasir, ba mu da ja a kansa, kuma faɗinsa ba ya hana zaman lafiya da maƙwabci.

Shi kuma ɗan uwanmu na tasha, maganarsa tana da tushe. Bayan misalin an ambaci dutsen da magina suka ƙi wanda ya zama kan kusurwa, daga Zabura ta 118, kuma marubuta Musulmi da dama sun haɗa wannan da hadisin da ke cikin Buhari da Muslim inda Annabi (SAW) ya kamanta kansa da tubalin da ya rage a cika ginin annabawa. Mun yi imani shi ne cikamakin annabawa, kuma amanar saƙo ta ƙarshe tana wuyan al'ummarsa. Amma ina abin kabbara a nan? Idan gaskiya ne an ba mu gonar, to an ba mu ita ne da sharaɗin da aka ba na farko, wato mu ba da amfaninta. Wanda aka gaya masa cewa an kori mai riƙon gona na farko saboda cin amana, kuma shi ne aka sa a gurbinsa, ya kamata jikinsa ya yi sanyi. Ƙarshen Suratu Muhammad ya gargaɗi sahabbai da kansu cewa idan suka juya baya Allah zai musanya su da waɗansu mutane. Malaman tafsiri kuma sun ruwaito cewa Musulmi da Ahlul Kitabi sun taɓa yi wa juna alfahari a kan wa ya fi kusa da Allah, sai aya ta 123 ta Suratun Nisa'i ta sauka tana bayyana cewa al'amarin ba ya tafiya da burace-buracen Musulmi ko na Ahlul Kitabi, duk wanda ya aikata mugun aiki za a saka masa. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mene Ne Laifin Manoman?

Mu tsaya mu yi musu adalci, domin suna da hujja. Za su ce: mu muka yi noma, mu muka yi kaftu, mu muka kwana gadi. Itacen inabi, kamar koko, sai ya shekara da yawa kafin a ci moriyarsa. Mai gona yana can yana hutawa, don me zai aiko a ba shi? Ashe gumi ba ya jawo mallaka?

Gumi yana jawo lada da rabo, kuma mai gonar bai hana su rabonsu ba, nasa kawai ya nema. Sun tarar da shinge da hasumiya a gine, itatuwa a dashe. Haka malami: ya sha wahalar karatu, ya yi tafiye-tafiye, ya kwana da yunwa, wannan gaskiya ne kuma yana da haƙƙin a girmama shi a kula da shi. Amma bai saukar da Littafin ba, bai halicci mutanen da ke zaune gabansa ba. Suratul Hadid aya ta 7 ta kira mu da kalmar mustakhlafina, wato waɗanda aka wakilta a kan abin da ke hannunsu. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ba mu zaton manoman nan sun shiga gonar da niyyar kisa. Abin da sannu yake faruwa. Shekara ta farko mutum yana cewa gonar maigida. Shekara ta biyar yana cewa gonarmu. Shekara ta goma duk wanda ya ambaci maigida ya zama abokin gaba. Nisan mai gona ya sa sun manta da shi, haƙurinsa kuma suka ɗauka rauni ne, domin sun doki na farko ba abin da ya faru, sai suka ƙara. Jinkirin da Allah Yake yi wa mai laifi dama ce ta tuba, amma mai wauta yana ɗaukarsa shaidar cewa ba za a tambaye shi ba.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne sun gane magajin. Da ba su san shi ba, da an ce jahilci ne. Sanin da suka yi masa shi ya sa suka kashe shi. Suratul Baƙara aya ta 146 ta ba da labarin masu littafi da suka san gaskiya kamar yadda suka san 'ya'yansu amma wani ɓangare nasu ya ɓoye ta. Jahili yakan ƙi gaskiya don bai gane ta ba, kuma ana iya warkar da shi da karatu. Mai ilimin da ya mayar da addini hanyar cin abinci yakan ƙi ta don ya gane abin da za ta raba shi da shi, kuma ƙarin karatu ba ya yi masa magani.

Akwai wata fa'ida ta harshe da muke son ɗaliban Larabci su riƙe. Malaman lugga da yawa sun bambanta khalaf mai fataha a kan lam, wato magaji nagari, da khalf mai sukun, wato mugun magaji. Wannan ta biyun ita ce ta zo a Suratul A'araf aya ta 169, inda aka ba da labarin waɗanda suka gaji Littafi suka riƙa karɓar abin duniya suna cewa ai za a gafarta musu. Wasali ɗaya ne tsakanin kalmomin biyu, kuma dukkansu sun gaji littafi ɗaya.

A Gidanmu Fa?

Da wannan cuta ta wata al'umma ce kaɗai, da Annabi (SAW) bai gargaɗe mu ba cewa za mu bi hanyoyin waɗanda suka gabace mu taƙi da taƙi, kamu da kamu, har ramin damo. Suratut Tauba aya ta 34 ta yi maganar malaman Yahudu da Nasara masu cin dukiyar mutane da ƙarya, amma da kiran muminai aka buɗe ayar, kuma ƙa'idar malaman usul ita ce ana lura da faɗin lafazi ko da sababin sauka keɓantacce ne. Ayar ta ce da yawa daga cikinsu, ba ta ce duka ba. Salmanul Farisi (RA) ya ba da labarin wani limamin coci a Sham da yake tara sadakar talakawa har ya cika tulu 7 da zinari da azurfa, sa'an nan ya ce wanda ya gaje shi a cocin nan yana cikin mafi nagartar mutanen da ya taɓa gani.

Ƙofar annabci ta rufe, amma masu tunatarwa ba su ƙare ba, sai mu duba yadda muka yi da su. A ranar 10 ga Muharram shekara ta 61 Hijira, wato 680 Miladiyya, an kashe Husaini (RA), jikan Manzon Allah, a Karbala, kuma masu salla ne suka kashe shi. Shugaban rundunar, Umar ibn Sa'ad, ɗan babban sahabi ne, masana tarihi kuma sun ce alkawarin sarautar Rayyu ne ya rinjaye shi. An yi wa Imam Malik, wanda muke bin mazhabarsa, bulala a Madina. A fitinar da ta fara a 833, an ɗaure Imam Ahmad ibn Hanbal an yi masa bulala a Bagadaza, kuma babban alƙalin daula, Ibn Abi Du'ad, mutum mai ilimi, yana cikin masu ingiza abin. Al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi a farkon Ihya'u don bambanta malaman lahira da miyagun malamai.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma da irin waɗannan malamai ya fi fama kafin hijirar 1804. Amma ga abin lura: ba a kai shekara 5 da fara jihadin ba, ƙanensa Malam Abdullahi ya ga jama'arsu ta soma karkata ga sarauta da dukiya, har ya bar su ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, sai mutanen Kano suka tsayar da shi ya zauna yana karantar da su. Waɗanda suka karɓi gona jiya daga hannun masu cin amana, yau an fara jin ƙamshin cutar a jikinsu.

To, a zangunanmu fa? Ba za mu ambaci sunan kowa ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma muna iya tambaya. Idan an tara kuɗin ginin masallaci, kuma wani ya nemi a karanta lissafi sai a ce ba shi da ladabi, wa aka mayar mai gona? Idan liman ya rasu aka shiga rigima har kotu a kan wane gida ne zai gaji limanci, ba a tambayar wa ya fi sani da tsoron Allah, me ya raba wannan da maganar manoman a kan gado? Idan mai wa'azi yana tsawa a kan zanen yarinya amma ya yi shiru a kan attajirin da ya danne filin marayu saboda shi ke biya masa kujerar Makka, wa yake wa aiki? Idan lokacin zaɓe ya zo aka kai ƙuri'ar jama'a gidan ɗan siyasa aka karɓo buhun shinkafa, samari kuma aka ba su sanduna, amfanin wace gona aka sayar? Manyanmu sun ga rigingimun shekarun 1990 tsakanin 'yan Tijjaniyya da Ahlus Sunna a garuruwa kamar Kumasi da Tamale, inda Musulmi ya ɗaga makami a kan Musulmi saboda masallaci da mumbari, alhali masallatai na Allah ne.

Gargaɗi Gare Mu Matasa

Yanzu wani saurayi zai ji daɗi ya ce, ai dama mun faɗa, tsofaffin nan su ne matsala. Ya ɗan uwa, idan ka karanta haka, ka koma sahun mutanen tasha. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mafi yawan malaman zango sun karantar da mu shekaru ba albashi, a zaure, a kan buzu, kuma ba don su ba da ba mu iya Fatiha ba. Misalin bai ba kowa izinin zagin malamai ba, kuma ba duk mai suka ne ɗan aiken mai gona ba, wani gonar yake nema wa kansa. Alamar ɗan aike ita ce abin da yake nema na maigida ne, idan an ba da shi sai ya koma bai riƙe komai ba.

Sa'an nan idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke kai sadaka wurin mai gaya mana abin da muke so, muna guje wa mai gaya mana gaskiya. Lokacin da Adiyyu ibn Hatim (RA), wanda da Kirista ne, ya ce su ba su bauta wa malamansu ba, Annabi (SAW) ya nuna masa cewa bin su a halatta haram da haramta halal shi ne bautar. Mabiyi ma yana da nasa alhakin.

Kowannenmu yana riƙe da wata gona. Sakataren ƙungiya yana riƙe da littafi, ma'aji yana riƙe da asusu, mai kula da dandalin WhatsApp na ƙungiya yana riƙe da mutuncin mutane, mu malaman aji muna riƙe da 'ya'yan jama'a. Mu da muke wannan rubutu ba mu tsira ba. Akwai ranar da wata ɗaliba ta gyara mana kuskuren i'irabi a kan allo a gaban aji, kuma ta yi daidai, amma abin da ya fara zuwa zuciyarmu shi ne yadda za mu rufe mata baki. Daga irin wannan ƙaramin abu ake farawa, kafin a kai ga dukan ɗan aike.

Saboda haka muna ba ƙungiyoyinmu shawara su riƙe abubuwa kaɗan. A riƙa karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a kowane wata 3, kafin wani ya tambaya. A sa wa'adi ga kowane muƙami, wanda wa'adinsa ya cika ya sauka ko da ya iya aikin. Idan aka kawo mana gyara, mu fara auna maganar kafin mu auna mai maganar, ko yaro ne, ko mace ce, ko ɗan wani ɓangare ne. Idan kuma mu ne masu gyara, mu je wa babba a keɓe da ladabi kafin mu kai maganar fili.

Da mako ya cika ɗalibin ya dawo, muka ce masa a kan batun ɗa muna tare da ɗan uwanmu Musulmi ba tare da shakka ba, amma a kan batun gona dukkansu biyu sun tsaya suna gardamar wa aka ba, ba wanda ya tambayi abin da za a nema a hannunsa. Muka ba shi aikin gida ya karanta labarin masu gona a Suratul Ƙalam daga aya ta 17 zuwa ta 33, waɗanda suka yi sammako don su girbe kafin miskinai su farka, ya kawo mana abin da ya gano. Muna roƙon mai karatu shi ma ya buɗe wurin ya duba.

Allah Ya sa mu cikin masu riƙon amana, Ya gafarta wa malamanmu da iyayenmu, Ya saka musu da alheri, Ya ba mu ikon karɓar gaskiya daga bakin duk wanda ta fito, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, kuma ƙofar gyara a buɗe take.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.